Yadda ake tare zafin kwano daga cikin silin

Daga tsakiyar Maris har zuwa saukar ruwan farko, zafin rana a Birnin Kebbi, Argungu da Jega yakan haura digiri 40, kuma wannan awon iska ne a inuwa. Kwanon da ke kan gida ya wuce nan nesa. Da azahar yakan kai digiri 65 zuwa 75, musamman idan ya yi tsatsa ko fentinsa mai duhu ne. Sararin da ke tsakanin kwano da silin sai ya koma tanda, silin ya sha zafin, ya riƙa sako shi kan mutanen ɗaki har bayan isha'i. Shi ya sa fanka ke kaɗo iska mai ɗumi, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta yini tana aiki ba hutu, ta zuƙe batirin sola tun kafin tsakar dare.

Rufin azara da ƙasa na da bai san wannan matsalar ba, domin kaurin ƙasar yana jinkirta zafin rana sa'o'i da yawa kafin ya ratso. Kwano kuwa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, abin da ya samu a sama nan take yake miƙawa ƙasa. Aikin da za a yi shi ne a mayar wa rufin abin da ya rasa, kuma yana da jeri. Ana fara gyara yoyo da wayarin, a buɗe wa iska hanya, a tare zafin a ƙarƙashin kwano, sannan a zo kan shimfiɗar tare zafi a bisa silin. Yawancin masu cewa sun kashe kuɗi ba su ga canji ba, daga ƙarshen jerin suka faro.

Kafin a sayi komai, a tabbatar silin ne ke kawo zafin. Da misalin ƙarfe uku na rana, ka hau kujera ka dafa silin da tafin hannu, sannan ka dafa bangon da ke tsakanin ɗaki da ɗaki, wanda rana ba ta taɓawa. Idan silin ya fi bangon ɗumi a fili, aikin zai biya. Mai na'urar auna zafi irin mai kama da bindiga, a juya ta zuwa awon bango ba na jiki ba, a rubuta lambobin, domin a kwatanta bayan an gama. Idan silin da bango kusan ɗaya suke amma ɗakin na turara da la'asar, to a dubi bangon yamma da tagoginsa, maganinsu rumfa ce ko itace, ba cikin silin ba.

Shiga cikin silin

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu, Disamba zuwa farkon Fabrairu. Amma wuraren yoyo da damina ake gane su, don haka duk inda silin ya yi tabon ruwa a watan Agusta a yi masa alama tun lokacin. Ana hawa bayan sallar asuba, a sauko kafin ƙarfe goma. Da rana iskar ciki tana kai digiri 50 zuwa 60, mutum na iya suma bai ankara ba. Kada kowa ya hau shi kaɗai, kada mai azumi ya yi wannan aikin da hantsi ya ɗaga, kuma a ajiye ruwan sha a bakin ƙofar silin.

A kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, a kashe inbata, a cire janareta. Rashin wutar NEPA a lokacin ba kariya ba ne, tana iya dawowa mutum na riƙe da waya. Kayan da ake buƙata: tocilar goshi, takunkumi mai tace ƙura irin N95, tabarau mai rufe gefen ido, safar hannu, riga mai dogon hannu, hula mai kauri saboda ƙusoshin da suka ɓullo ta ƙarƙashin kwano, da falanki biyu masu tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Falankin nan a kan manyan katakan da suka ratsa daga bango zuwa bango ake ɗora su. Ƙananan katakan tu-bai-tu da ke riƙe da silin ba a yi su don ɗaukar mutum ba, allon silin kuwa ko gwiwa ba ya ɗauka.

Abin da za a tarar galibi ƙura ce, kashin ɓera da na jemage, wani lokaci gidan rina. Kada a share su a bushe. Ƙurar kashin jemage tana ɗauke da ƙwayar cutar huhu, fitsari da kashin ɓera kuma ta nan zazzaɓin Lassa ke yaɗuwa. A yayyafa ruwa kaɗan da aka sa wa bilic, a kwashe cikin leda. Idan jemagu na zaune a ciki, a jira su fita da magariba sannan a toshe ƙofofinsu. Idan aka rufe su a ciki za su mutu, warin kuma ya sauko ɗaki.

Tsofaffin gidaje, musamman gidajen ma'aikata na gwamnati, da yawa silinsu allon asbestos ne, mai ruwan toka, ƙafa huɗu-huɗu. Muddin yana nan lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Huda shi, yanka shi ko kankare shi ne ke sakin zaren da ke lalata huhu bayan shekaru. A kan irin wannan silin ana iya ɗora shimfiɗa mara nauyi a hankali, amma ba a buɗe sabuwar ƙofa a jikinsa da zarto.

Sai wayarin, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A silin da yawa za a ga an murɗe waya da waya an naɗe da baƙin salatif an yar a kan allo. Zafin shekaru yana busar da salatif ɗin, ɓera ya ƙarasa. Yanzu iska na ratsa wurin, shi ya sa bai kama da wuta ba. Ranar da aka lulluɓe shi da abin tare zafi, zafin haɗin ba shi da mafita. A kira mai wayarin ya sa kowane haɗi cikin akwatinsa mai murfi, ya canza duk wayar da robarta ta tsage, ya ɗage wayoyin a ɗaure su a jikin katako sama da inda shimfiɗar za ta tsaya. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda ita aka fi bi a nan, ta nuna cewa wayar da aka binne gaba ɗaya cikin abin tare zafi a tsawon da ya kai rabin mita, wutar da za ta iya ɗauka lafiya tana raguwa zuwa rabi. Wayar fitila ba ta cika damuwa da haka ba. Ta na'urar sanyaya ɗaki, ta hita da ta murhun girki mai lantarki su ne abin tsoro.

Hanyar iska

Magina da yawa suna toshe ko'ina da bulo har jikin kwano, saboda tsoron ƙura da jemage. Sakamakon haka iska mai zafi ba ta da inda za ta bi. Awon da aka saba amfani da shi: kowane murabba'in mita 150 na silin yana buƙatar murabba'in mita ɗaya na buɗaɗɗiyar hanyar iska, rabi a ƙasa wajen bakin rufi, rabi a sama kusa da tsororuwa. Iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, mai zafi ta fita ta sama. Idan ɗaya kaɗai aka buɗe, iskar ba ta tafiya sosai.

Ɗauki gida mai mita 10 a faɗi, 12 a tsawo. Silinsa murabba'in mita 120 ne, yana son 0.8. Sai dai raga da lufa, wato jerin siraran allunan taga masu sunkuyawa, suna cinye kusan rabin kowace ƙofa, don haka a ninka. A sama, taga biyu masu santimita 60 da 70, ɗaya a kowane bangon ƙarshe, can kusa da inda kwano ya haɗu. A ƙasa, huji 20 masu santimita 20 da 20 a silin bakin rufi na waje, goma a kowane gefe. Kowace ƙofa a sa mata ragar ƙarfe mai ido kamar milimita 6. Ragar sauro ta yi ƙanana, ƙurar hunturu ɗaya ke toshe ta, ta roba kuma ɓera ke cinyewa.

Kada a bar tagar sama hangame. Iskar farkon damina, wadda ke kwashe rufi a garuruwanmu kowace shekara, idan ta samu babbar ƙofa ta shiga, daga ciki take tura kwano sama. A sa lufa mai sunkuyawa waje, ko a gina wurin da bulo mai huji, kuma tunda an hau, a duba ɗaurin katako da bango, a ƙara inda ya saki. Gidajen da aka ɓoye rufinsu bayan katanga ba su da bakin rufi, sararin cikinsu kuma matsattse ne. Su ana sa bulo mai huji a katangar, sama da layin silin, a ɓangarori biyu masu fuskantar juna.

Foyil a ƙarƙashin kwano

Mafi yawan zafin da ke isa silin ba iska ce ke kawo shi ba. Kwano mai zafi yana haskaka shi kai tsaye zuwa ƙasa, ko da iska na wucewa a tsakani. Abin da ke tare wannan shi ne foyil na aluminiyam mai ƙyalli, wanda ake sayarwa a naɗe, faɗinsa yawanci mita 1.2. A nemi mai zare ko saƙa a tsakiya, wanda ba ya yagewa da hannu. Fuskar aluminiyam mai tsabta kusan kashi 5 cikin ɗari kaɗai take fitarwa na zafin da kwano mai fenti ko tsatsa zai fitar.

Sharuɗɗansa biyu ne, kuma idan aka karya ɗaya kuɗin ya tafi. Na farko, dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari, aƙalla santimita biyu da rabi. Foyil da aka matse tsakanin abu biyu ƙarfe ne kawai mai miƙa zafi. Na biyu, dole fuskar ta zauna da tsabta. A nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda ake rubuta takardun da ke zuwa da kayan. Idan aka shimfiɗa foyil a kwance bisa silin yana kallon sama, shekarar farko zai yi aiki, amma hunturu biyu ko uku sun isa su lulluɓe shi da ƙura, daga nan aikinsa ya ragu sosai. Don haka a ƙarƙashin rafta, wato katakan da ke gangarowa daga tsororuwa zuwa bakin rufi, ake kafa shi, ƙyallin na kallon ƙasa, inda ƙura ba ta kwanciya. Kaurin raftar da kansa ya ba da sarari tsakaninsa da kwano.

Ana farawa daga ƙasa a yi sama, a ja shi a gicciye kan raftoci, kowane layi ya hau na ƙasansa da santimita 10. A kafa da sitefilar kafinta, ko da siririn katako da ƙananan ƙusoshi, wanda ya fi daɗewa. A bar buɗe kamar santimita 15 a ƙasa wajen bakin rufi, da wani 15 a tsororuwa, domin iskar da ta yi zafi tsakanin foyil da kwano ta samu fita. Lissafinsa ba na silin ba ne, rufi ya fi silin faɗi saboda gangara. Ga gidan murabba'in mita 120 mai matsakaiciyar gangara, a sayi kamar 150. Foyil yana ɗaukar wutar lantarki, kada ya taɓa waya ko kaɗan, kada kuma ƙusa ta bi ta cikin waya.

Mai sabon gini ko mai canza kwano ya fi kowa sa'a, domin ana shimfiɗa foyil a kan rafta kafin a buga katakan da kwano ke hawa, cikin awa kaɗan. Ga rufin ɓoye da mutum ba ya iya rarrafawa a ciki, wannan ce kaɗai hanyar.

Shimfiɗa a bisa silin

Audugar gilashi, wato zaren gilashi da aka sarrafa kamar auduga, ita ce ta fi dacewa da yawancin gidaje. Ba ta cin wuta, gara ba ta cin ta, kuma ba ta da nauyi: kaurin santimita 10 yana tsakanin kilo ɗaya da ɗaya da rabi a kowane murabba'in mita, abin da silin roba mai katako a tazarar ƙafa biyu zai iya ɗauka. Ba kasafai ake samun ta a shagunan kayan gini na cikin gari ba, daga Kano, Kaduna, Abuja ko Legas ake yin odarta, kuma masu haɗa ɗakin sanyi da manyan na'urorin sanyaya gini sun san masu ita. Takan zo da kaurin santimita 5. Layi ɗaya yana kawo canji, amma ga ɗakin da ake kunna na'urar sanyaya, a yi biyu. Na farko a yanka shi daidai tsakanin katakai, da ƙarin santimita ɗaya domin ya zauna dam. Na biyu a gicciya shi a kan na farko ya rufe katakan da duk wata tsaga. Audugar dutse ma haka take aiki, ta fi jure wuta, sai dai ta fi nauyi sau biyu zuwa huɗu, a duba ƙarfin silin tukuna.

Iskar da ke maƙale cikin audugar ita ke tare zafi. Wanda ya danne santimita 10 ta koma 5, ko ya ɗora tarkace a kai, ya zubar da kusan rabin kuɗinsa. Haka ma giɓi: tsagar da aka bari a gefen bango ko kewayen ƙugiyar fanka tana zubo zafi fiye da girmanta. A sayi ƙarin kashi 10 cikin ɗari saboda yanka. A kai shimfiɗar har kan bangon waje, amma kada ta toshe hujin iskar da aka buɗe a bakin rufi. Murfin ƙofar silin shi ma a manna masa nasa a baya.

Idan akwai tsohuwar shimfiɗa a ciki, ba sai an kwashe ba muddin a bushe take kuma ɓera bai yi gida a ciki ba. A ɗora sabuwa a gicciye, wadda ba ta da foyil ko takarda a ƙasanta, domin kada laima ta maƙale tsakanin biyun. Wadda ta jiƙe ta dunƙule kuwa a fitar da ita.

Fitilun da ake nutsawa cikin silin POP suna buƙatar numfashi. A bar santimita 8 kewaye da kowace, kada a rufe samanta, ko da LED ce, domin ɗan akwatin da ke ba ta wuta zafi ke kashe shi.

Farin fom irin wanda ke zuwa cikin kwalin firji ana sayar da shi allo-allo, ƙafa 4 da 8. Yana tare zafi daidai da audugar gilashi ko ɗan fi, ba ya ƙaiƙayi, kuma ya fi sauƙin samu. Amma mu ba ma son sa a kan ɗakin kwana. Idan wuta ta kama shi narkewa yake yana ɗiga, da baƙin hayaƙi mai guba, kuma silin roba ba zai tare shi ba. Yana kuma lalata robar waya idan suka daɗe a manne, ta bushe ta riƙa karyewa. Wanda ba shi da wani zaɓi, ya nemi mai maganin wuta, ya sa duk wayoyi cikin bututu, ya ɗora shi a kan POP kawai, kuma ya nisanta shi da kicin.

Buntun shinkafa

A jihar Kebbi da ake casar shinkafa tun daga manyan masana'antu irin WACOT ta Argungu da Labana ta Birnin Kebbi har zuwa ƙananan injinan unguwa, tambayar buntu dole ta taso, kuma tambaya ce mai kyau. Buntu yana tare zafi, ko da bai kai audugar gilashi ba. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce mai sinadarin yashi, shi ya sa ba ya ruɓewa da wuri, ba ya kuma kamawa da harshen wuta cikin sauƙi, sai dai ya ci a hankali ta ciki.

Matsalarsa nauyi. Buntun da ya cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe yana kai kilo 100 ko fiye. Kaurin santimita 10 ke nan kilo 10 zuwa 12 a kowane murabba'in mita, a gidan misalinmu ya haura tan ɗaya. Silin roba zai lotsa ya ɓalle, POP zai tsage, tsohon silin kwali zai rufto. Kada a zuba shi kai tsaye a kan kowannensu. Idan za a yi, kafinta ya duba ƙarfin manyan katakan, ya yi dandamali da falanki ko filawud a kansu, nauyin ya sauka kan bango. Buntun ya bushe ƙarau, a tankaɗe shi a raba shi da dusa da gutsuren shinkafa, domin su ne ke kiran ɓera da ƙwari. A zuba cikin buhu rabi-rabi, a ɗinke, a baje kowane buhu ya kwanta, a jera su gefe na hawan gefe. Tunda wutarsa a ɓoye take ci, sharaɗin nisanta shi da waya da fitila ya fi tsanani a nan. Ga shago, ɗakin ajiya ko gidan kaji, hanya ce mai araha ƙwarai. Ga ɗakin kwana mai wayarin da yawa a sama, audugar gilashi ta fi kwanciyar hankali.

Laima da dare

Kada a shimfiɗa leda a kan silin kafin a ɗora auduga. A ɗakin da ake sanyayawa, silin yana da sanyi, iskar cikin rufi kuma da damina tana da ɗumi da laima, musamman a Yauri da garuruwan bakin kogi. Laimar tana ratsa audugar ta tarar da leda mai sanyi ta zama ruwa. Idan audugar mai foyil ce a gefe ɗaya, foyil ɗin ya kalli sama domin ya tare laimar, a haɗe bakunansa da salatif na aluminiyam.

A kuma san iyakar aikin. Shimfiɗar da ke hana zafi saukowa da rana tana kuma rage fitarsa ta sama da dare, bangon bulo kuwa yana riƙe abin da ya sha. A gidan da ba a kunna na'urar sanyaya, a rufe tagogi da labule tun hantsi, a buɗe su duka bayan magariba iska ta ratsa. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, ya fara da wayarin da hanyar iska, ya bi da foyil, sannan ya yi shimfiɗa a ɗakunan kwana kawai. Fentin kwano da fari mai mayar da hasken rana shi ma yana rage zafin tun daga waje, sai dai yana son wanki bayan kowane hunturu.

Bayan an gama, a maimaita awon ƙarfe uku a rana mai zafi irin ta farko. Inda aka ji wani yanki na silin ya fi sauran ɗumi, akwai giɓi a samansa, a hau da safe a gyara. Bayan ruwan sama mai ƙarfi na farko a sake leƙawa da tocila, domin yanzu auduga za ta shanye ɗigon yoyo ta ɓoye shi makonni kafin tabo ya fito a ɗaki. A duba ragar ƙofofin iska a goge ƙurarta a ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya kankama.